Katin Jirgi da Saƙon Mutanen Jos

Ku da kuka fara aiki kwanan nan a wannan ofis namu na ba masu bashi shawara a unguwar Ladywood ta Birmingham, kun sha tambayata me ya sa nake ɗaure fuska da zarar an ambaci katin bashi na kamfanin jirgin sama. To, akwai wata Juma'a da har yau ta ƙi fita daga raina.

Lokacin da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, ƙaramar hukumar da nake wa aikin akawu a Manchester ta rage ma'aikata, aka haɗa da ni. Ga yara biyu, ga hayar flat a Whalley Range. Abin da ya samu shi na kama: tallar kati a filin jirgi. Ƙa'idarsa ita ce ka yi rajista, ka kashe fam dubu uku da shi cikin wata uku, a ba ka makin da za ka canza zuwa tikiti. Wannan da manyan baƙaƙe yake. Kuɗin shekara, da kuɗin ruwa idan wata ya ƙare ba ka biya ba, da harajin tikiti wanda maki ba ya ɗauka, suna can ƙasa, sai ka kanne ido za ka gan su. Tun ranar horo abin bai kwanta min ba, amma na yi gum.

Sabon ma'aikaci wata uku yake yi na gwaji, da adadin mutanen da dole ya yi wa rajista. Juma'ar nan ita ce ranar ƙarshe, saura min mutum ɗaya. Da safe manajanmu ya ce min ba da wasa ba, in na cike ƙarfe biyar na zauna, in ban cike ba in ajiye rigar aikin.

Wajen ƙarfe uku ina waya da ƙanwata, sai wata mata ta ja birki a gabana. "Ikon Allah! Hausa nake ji?" Anti Rifkatu ke nan, nas a wani asibiti a Edgbaston, nan Birmingham, 'yar Jos, ta rako ɗanta ne. Muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna. Da na yi mata bayanin katin sai idonta ya kawo haske. Shekara shida rabonta da gida, tana son yin Kirsimeti da tsohuwarta. Na miƙa mata takardar sharuɗɗa, ta ture.

"Haba 'yata, ke ta gida ce. In kin ce in sa hannu, shi ke nan."

Wallahi da ta karanta da ya fi min sauƙi. Na ce, "Anti, dubu ukun fa, da me za ki kashe?"

Ta yi dariya. Ai ta gama lissafi. Duk mai zuwa gida mutanen coci da na asibiti sai sun ɗora masa saƙo: wannan a sayo wa mamanta waya, wancan injin awon jini, wata turare da takalma. Za ta saya musu duka da katin, su mayar mata.

Nan na hango matsalar. Ku da aka haifa a nan ba za ku gane ba. Mai saƙo ba ya biya ranar da aka saya. "Zan turo miki ƙarshen wata," sai "in kin dawo ma yi magana." Kuma ba a tambayarsa, don kunya ce ka bi 'yar'uwa da rasit kan wayar da ta aika wa uwarta. Kati kuwa ba ya jin kunyar kowa.

Na dubi agogo, na dubi fom. Ina son aikin nan, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na rage murya na ce, "Anti, kar ki yi. Ba za su biya ki a kan lokaci ba, ruwan zai cinye tikitin. Kuma da wuya ki samu kujerar maki a Kirsimeti."

Sai ta ja da baya, ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa.

"Au! Ɗazu kina yabonsa, yanzu kuma kar in yi? Ko akwai waɗanda kike ajiye wa ne?"

Na rantse mata babu. Ta ce ita dai ta san halinmu, in abin arziki ya zo sai mu ɓoye wa juna. Ta ɗauki jakarta ta matsa taku uku, wajen abokin aikina Bature, wanda bai tambaye ta komai ba sai lambar gida. Ina tsaye ina kallo ta sa hannu. Ƙarfe biyar na ajiye rigar. Na yi kuka a bas, kukan haushi, kuma sai da na yi wata huɗu ba aiki.

Bayan na dawo Birmingham muka haɗu da Anti Rifkatu a wani biki. Na yi kamar ban gan ta ba, ita ta biyo ni har wajen wanke hannu. Jos dai ta je, amma da kuɗinta ta sayi tikiti, don ba kujerar maki. Mutum biyar ba su biya ta ba, ɗaya ma ta daina gaishe ta. Aikin Asabar da Lahadi take ƙarawa tana biyan katin. Na tsaya ina jiran ta ce in yi haƙuri. Sai ta riƙe min hannu ta ce, "Amma ke ma Hadiza, tun da kin sani, me ya sa ba ki hana ni da ƙarfi ba?"



Shi ya sa idan namu suka shigo da irin wannan kati suna tambayar ko kyautar ta kai, ba na fara duba maki. Tambayata ita ce kuɗin wa za ka kashe, kuma wa zai biya kafin wata ya ƙare. Ku ma ku tambaya, ko da za a fita ana zargin ku da baƙin ciki. A wannan aiki duk ranar da ka faɗa wa mutum gaskiya, ka shirya ɗaukar laifi sau biyu, ranar da ka faɗa da ranar da ta tabbata.