Ranar da muka biya kuɗi aka nuna mana Madina

A shekarar da muka hau jirgin ruwa na yawon hutu, ni da mahaifina mun biya kuɗi an ɗauke mu a mota an kai mu ziyara Madina. A Madinar muke zaune. Gidanmu yana unguwar Uhudu, hawa na uku, idan ka buɗe tagar kicin dutsen ne yake kallonka.

Mu mutanen Gusau ne. Ni aikin magani nake yi a wani asibiti, maigidana kuma injiniyan ruwa ne. Baba da Inna sun zo mana umara wata shekara, Inna ta kwanta ciwo, Allah ya karɓi abarsa, aka yi mata salla a Harami aka kai ta Baƙi'a. Mutanen gida suka yi ta bugo waya suna cewa ta dace. Baba kuwa bai koma Gusau ba. Muka yi masa iƙama, wato takardar izinin zama, ya zauna tare da mu. Kullum bayan asuba, lokacin da ake buɗe maƙabartar, yana ciki. Daga nan ya dawo gida ya sha kunu ya kwanta. Ko Makka sai da aka yi da gaske ya je, ya yi umara ya biyo jirgin ƙasa ya dawo a ranar.

Abin ya dame ni ƙwarai. Baba mutum ne mai ƙorafi a da. Miya ta yi gishiri, shayi ya huce, gwamnan jiharmu bai san aikinsa ba. Duk ya daina. Abin da aka ajiye masa ya ci ya ce an gode. Ni kuwa na san mahaifina, idan ya daina kushe abinci to jira yake yi, kuma na san abin da yake jira. So nake in fitar da shi daga garin nan ko da na mako ɗaya ne, ya ga wani abu da masu rai suke kallo.

Maigidana ne ya samo maganar jirgin. Zai tashi daga Jidda, ya tsaya Yanbu, daga nan ya fita ƙasar ya nufi Jodan da Masar, sannan ya dawo. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Madalla. Allah ya kiyaye hanya."

Na ce, "Baba, ai har da ku."

Ya ce, "Har da ni a addu'a."

Barinsa shi kaɗai kuwa ba zai yiwu ba, ga ciwon suga, ga mantuwar magani. Na sayi tikiti har da nasa ban gaya masa ba, na bar sauran ga Allah.

Wata Juma'a bayan mun ci abincin rana, maigidana ya haɗa wayarsa da talabijin don mu zaɓi inda za mu je a duk tashar da jirgin ya tsaya. Haka tsarin yake, tun kana gida kake kama wuri, idan ka yi sanya ka tarar motocin sun cika. Kowace fita an sa mata hoto da bayani, da wata alama ta ɗan mutum yana tafiya. Ɗan mutum ɗaya, tafiyar ƙasa kaɗan ce. Uku kuwa, ka bar tsofaffinka a jirgi. Baba yana kan dardumarsa a gefe, carbi a hannu, ya juya mana rabin baya kamar ba ya ji.

Aka nuno garin nan na Jodan da aka sassaƙa a jikin dutse, ɗan mutum uku. Yaranmu suka yi ihu da Larabci, don su ko da Hausa ka yi musu magana da Larabci suke amsawa. Aka nuno na Masar, manyan gumaka da kaburburan sarakunansu na da.

Baba ya ce, bai juyo ba, "Wato mutum ya biya kuɗi ya je gaisuwa gidan Fir'auna."

Maigidana ya ce, "Kallo ne kawai, Baba, don a ɗauki darasi."

"Darasin ai yana cikin Alƙur'ani, kyauta."

Aka zo kan Yanbu. Akwai yawo cikin tsohon gari, akwai wuni a bakin teku, akwai wani ƙaramin jirgi mai gilashi a ƙasa da ake leƙen kifaye da murjani ta ciki. Wannan na ƙarshen ni nake so, wallahi tun ina yarinya nake son in ga abin da ke ƙarƙashin ruwa ba tare da na jiƙe ba. Har na ce a saka ni. Sai maigidana ya gangara ƙasa ya fashe da dariya. Wuni guda, ziyarar birnin Madina: Uhudu, Ƙuba, Harami, da abincin rana. A hoton Uhudun, in ka lura da kyau, har ana hango ginin da muke ciki.

Muka yi dariya har da hawaye. Baba ya juyo gaba ɗaya.

"Sake karanta wannan."

Aka sake karantawa.

"Yaushe motar take barin Madina?"

"Bayan la'asar, Baba."

"Bayan la'asar, ko da la'asar?"

"Bayan salla suka rubuta."

Ya ja carbi kamar sau uku ya ce, "A saka ni."

Dariyata ta tsaya. Bayan la'asar ma ana buɗe Baƙi'a, kowa a gidan ya sani. Kuma Yanbu ce tasha ta ƙarshe kafin jirgi ya bar ƙasar. Lissafin bai da wuya: ya bi mu ya faranta mini, ya kwana biyu a ruwa, mota ta dawo da shi ƙofar gida, ya ce mana sai kun dawo. Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, don Allah idan ba za ku koma jirgin ba ku faɗa mini tun yanzu."

Ya ce, "Uwata, ban ma hau ba kina maganar sauka." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka, musamman idan yana so ya kashe magana.

Maigidana, da yake injiniya ne, ya kawo shawarar a ɗauki tasi daga Yanbu, ya fi sauƙi. Sai muka karanta ƙa'idar: idan motar jirgi ta makara, jirgi zai jira ta. Idan ka fita da kanka ka makara, sai dai ka ɗaga masa hannu daga bakin ruwa. Na ce a saka mutum biyu a motar Madina. Na cire sunana daga jirgin gilashi da hannuna, ina ji ina gani. Ranar tafiya kuma na ga Baba ya zare makullin gida daga ƙusa ya jefa a aljihun jallabiyarsa.

A jirgin, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne alƙibla. Duk salla sai ya tambaya, duk salla kuma amsar daban, ya ce bai taɓa ganin gida marar natsuwa irin wannan ba. Da yamma ya kan tsaya ya riƙe ƙarfe yana kallon ruwa, ya daɗe. A cin abinci na biyu ya ɗebi shinkafa ya tauna ya ajiye cokali, ya ce, "Wanda ya dafa wannan ba ya tsoron Allah." Na sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata. Rabona da irin wannan farin ciki tun Inna tana da rai.

Da sassafe a Yanbu aka manna wa kowa takarda mai lamba a ƙirji, aka jera mu bayan wani jagora mai ɗaga ɗan allo. Maigidana da yara suka bi layin masu kifi, mu muka bi na masu ziyara. Motar cike take da mutanen Malesiya da Turkawa da wasu Misirawa, da yawansu ba su taɓa ganin Madina ba. Jagoran ya yi ta bayani a hanya: yadda ake gane dabinon ajwa na gaske, yadda ake ciniki, kada a yarda da farashin farko. Baba yana gyaɗa kai kamar yau ya fara ji. Da muka hango gari, wata tsohuwa a gabanmu ta fara salati tana kuka. Ni ina duba ko an gama gyaran titin da nake bi zuwa aiki. Ba a gama ba.

Uhudu muka fara zuwa. Motar ta tsaya daidai inda nake sayen na'ana'a da busasshen fure na shayi. Mai rumfar, wata Bahaushiyar Sudan da muka saba shekara da shekaru, ta dubi fuskata, ta dubi lambar da ke ƙirjina, ta sake duban fuskata.

"Dakta, salamat? Yaushe kika koma baƙuwa?"

Na ce, "Yau da safe."

"To farashin baƙi zan yi miki."

Wata 'yar Malesiya ta tambayi Baba da guntun Larabcinta daga ina yake. Ya ce mata, "Daga jirgi." Aka tara mu aka yi mana hoto a gindin dutsen maharban yaƙin Uhudu, Baba a tsakiya. Duk wannan abin idona yana kan aljihunsa. Daga inda muke tsaye zuwa ƙofar gidanmu ko ruwan kofi ba za ka shanye ba. Ya tsaya ya ɗaga kai ya kalli ginin, ya daɗe yana kallo. Can sai ya ce, "Kin bar tawul a taga." Ya juya ya hau mota.

Muka yi nafila a Ƙuba, aka kai mu wani otal kusa da Harami muka ci abinci. Jagoran ya nuna mana kusurwar da motar za ta tsaya, ya ce da an idar da la'asar kowa ya dawo nan, ya maimaita da harshe uku. A ƙofar Harami dole muka rabu, maza da ɓangarensu, mata da nasu. Na ce, "Baba, a ina zan same ku?" Ya ce, "Inda kika sani."

Sallar nan dai na yi ta, Allah ya karɓa, amma hankalina ba ya wurin. Ana sallamewa na fita na zagaya ta gabas na tsaya a bakin shingen Baƙi'a. Mata ba sa shiga. Iyakacinmu nan, mu leƙa ta tsakanin ƙarafa, mu ga ƙasa da ƙananan duwatsu babu suna, da tattabaru. Ban taɓa sanin inda Inna take ba. Baba ya ce shi ya san wurin, ni kuma ban taɓa tambayarsa ta yaya ba. Idan na zo wucewa nakan yi addu'a ga duk mutanen ciki, in ce tana cikinsu, in wuce.

Maza suka yi ta shiga, suka yi ta fita. Babu Baba. Jagoran ya kira wayata ya ce saura mu. Na ce muna hanya. Ya sake kira, muryarsa ta canza. Maigidana ma ya kira daga jirgi yana ba ni labarin wani kifi mai ruwan ɗorawa, na kashe wayar. A tsaye a wurin na yanke shawara, idan bai fito ba ni ma na zauna, fasfo da kaya su yi yawon Masar su dawo. Haushi ya cika ni. Haushin Baba, haushin kaina da na ɗauka teku za ta iya abin da ni ban iya ba, har da haushin Inna, Allah ya yafe mini, da ta riƙe shi haka.

Sai ga shi yana gangarowa, lambarsa tana nan a ƙirji, yana sauri irin wanda na manta yana da shi.

Na ce, "Baba, mota tana jira."

"Shi ya sa nake sauri. Ke ce a tsaye."

Na bi shi a baya. Da muka ɗan yi nisa na kasa haƙuri na ce, "Da ma za ku koma jirgin?"

"To ina zan je? Maganina yana can." Ya yi taku kaɗan sannan ya ƙara, "Da za mu Jidda ban sallame ta ba, na ga cikin ƙasa ne. Wannan kuwa ƙetare iyaka ne. Tun ina kai goro Maraɗi ban taɓa fita ƙasa ban gaya mata ba."

"Me kuka ce mata?"

"Na yi mata addu'a. Na ce za mu garin Fir'auna, ba da son raina ba, 'yarki ce ta matsa. Na ce mata kina nan waje bakin ƙarfe, ba a barin ku shiga ne."

Na juya na koma bakin shingen da gudu-gudu, na kama ƙarfen da hannu biyu. Ban san ta ina zan kalla ba, sai na kalli tsakiya. Na ce, "Inna, ni ce." Iyakar abin da ya fito ke nan, sauran kuka ne.

Baba ya tsaya ya jira ni, bai ce in yi sauri ba. Mu ne na ƙarshe da muka shiga motar, kuma ni aka harara.