Na Je Neman Ɗalibaina A Bakin Tafkin Kainji

Mun tashi daga Birnin Kebbi ana sallame sallar asuba, mu uku a wata tsohuwar mota wadda sai an ɗan ɗaga ƙofar bayanta take rufuwa. Abokina mai gyaran waya ne ke tuƙi, sai wata malama 'yar asalin Yauri, wadda ita ce ta san hanya ta kuma san mutane, sai ni a baya tare da jakunkuna.

Masu bina a nan sun san ni malamin lissafi ne a wata sakandare, kuma na daɗe ina ɗaukar darussa da wayata bayan an tashi makaranta. In tsaya gaban allo in yi bayani da Hausa, abokin nan nawa ya zuba a memori, malamar kuma ta aika da su garuruwan yankinsu ta hannun direbobi da 'yan'uwa. Abin da ba ku sani ba shi ne na gaji. Tun da na fara, ba wanda ya taɓa kira ya ce ya kalla, ko da zagi ne. Kafin in fito na ce wa maiɗakina in na je na tarar ba mai amfani da su, to na ajiye aikin nan ke nan.

A Jega muka karya da ƙosai da kunu. Ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya tambayi mai suyar ko yaye shi aka yi da wuri. Daga nan zuwa Koko hanya wani wuri santsi, wani wuri sai ka rantse da gangan aka haƙa ramukan. Shingayen jami'an tsaro kuwa ba a magana, kowanne sai an tsaya, an leƙa, an tambayi abin da ke cikin jaka. Kafin hantsi ya dubi ludayi zafin bazara ya sauko, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda.

Muka ratse zuwa Shanga, ta cikin gonakin da aka share ana jiran ruwa da fadamun shinkafar rani. A wata makaranta da muka taɓa aika wa memori, shugaban makarantar ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka damo mana fura mai sanyi. Da na tambaye shi yadda yara ke jin darussan, sai ya buɗe durowa ya ɗauko memorin, yana nan a naɗe cikin takardar da muka naɗe shi.

“Ga shi nan, Malam, mun aje shi da kyau,” in ji shi. “Ko ƙura ba ta taɓa shi ba.”

Ban ga laifinsa ba. Makarantar ba wuta, ba abin da za a sa memorin a ciki, wayarsa kuma irin mai tocilan ce. Na shanye furata na yi godiya. Muka kama hanya.

Da la'asar muka shiga Yelwa, babban garin Yauri. Duk gajiyar mutum, kasuwar bakin ruwan nan sai ta sa ya buɗe ido: albasa tsibi-tsibi, buhunan warangi, wato ƙananan kifin nan da ake shanyawa, ga banda baƙi ƙirin a kwanduna, jirage na sauke kaya wasu na lodi. Na ɗauka tunda a bakin ruwa nake zan ci kifi da araha. Ashe masu saye daga kudu sun riga sun koya wa kifin Yauri tsada. Abokina ya ja mu rumfar wani ɗan dawunlodin da ya sani, mai tura wa mutane fina-finai a waya. A kwamfutarsa na ga darussana, a tsakanin fina-finan Indiya da wasan dambe. Ya ce ba ya sayar da su, gyara yake ba wa wanda ya sayi fim da yawa. Na rasa ko in yi murna ko in yi kuka, sai na yi dariya.

A gidan su malamar muka sauka. Innarta ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi wadda ta sa na yafe wa hanyar rabin laifinta. Sauro da zafi suka karɓi sauran aikin, na wayi gari kamar wanda aka daka.

Washegari muka nufi Wara. Hanyar ta bi ta Birnin Yauri. Kowa ya san yadda 'yan bindiga suka sace ɗalibai a makarantar kwana ta garin nan 'yan shekarun baya. Sai da muka yi nisa malamar ta ce tun daga lokacin iyaye da yawa suka kwashe 'ya'yansu mata daga makarantun kwana, kuma wasu har yau ba su koma ba. Ta ce wajen irin waɗannan yaran za ta kai ni. Hanyar Wara ta ƙarasa abin da ya rage na bayana. Sabis ɗin waya ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa, daga baya ma muka daina dubawa.

A Wara muka bar motar muka shiga jirgi mai inji zuwa wata tunga ta masunta. An loda babura biyu, awaki, buhunan gari da mutane har bakin jirgin ya kusa shan ruwa. Tafkin ya fara ja baya, kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun gina dam sun leƙo kai, matuƙin yana kewaye su kamar mai bin lungun unguwarsu. Ni dai ban saki katakon da na riƙe ba har muka isa.

Muna hawowa tudu na ji wata murya daga ƙarƙashin mangwaro tana cewa, “To, sai mu duba kusurwa ta biyu.” Na tsaya cak. Muryata ce, har da zakaran maƙwabcinmu da yake cara a bayana. 'Yan mata goma da 'yan kai ne zaune a tabarma, sun kewaye wata ƙaramar rediyo mai cin memori da aka jona da faifan sola. Mai kula da su wata malamar firamare ce 'yar Kambari, Malama Ladi, wadda take tara su kullum da yamma in ta tashi daga nata aikin. Ina yin sallama yaran suka dubi juna, suka dubi rediyo, suka fashe da dariya. Wata ta ce ta ɗauka dogo ne ni.

Daɗin bai daɗe ba. Na zauna na saurari kaina tare da su, sai na ji ina cewa, “Kamar yadda kuke gani a nan, wannan layin ya haɗu da wancan.” Rediyo ba ta nuna hoto. Duk abin da na zana a allo, su ba su taɓa ganinsa ba, murya kawai ke isa gare su. Da an zo irin wannan wurin sai Malama Ladi ta tsayar da rediyon, su tashi su gangara kan yashi mai danshi, su kafa turaku su ɗaure da igiyar taru, suna gwada siffar da suke zaton nake nufi. Su yi ta gardama har su daidaita, sannan su dawo a ci gaba.

Wani lokaci sukan dace, wani lokaci a'a. Malama Ladi ba lissafi ta karanta ba, kuma ba ta ɓoye ba. Na tarar akwai darasi guda na alwatika da suka daɗe suna yinsa a juye, sun haddace kuskuren tsaf. Na cire takalmi na naɗe ƙafar wando, muka shiga yashi. Na riƙe turke, wata ta ja igiya, wata ta auna da kara. Rabon da in koyar da aji irin wannan har na manta: ba wanda ya yi hamma, ba wanda ya kalli ƙofa, don babu ƙofar.

Babbarsu ita ce Saratu. Tana makarantar kwana mahaifinta ya ɗauko ta, ba ta sake komawa ba. Ita ce take fara gano inda igiya za ta bi tun kafin in gama magana, kuma tambayoyinta sun nuna ba haddar aku take yi ba. Malama Ladi ta ja ni gefe ta ce an yi wa yarinyar rajistar jarrabawar gama sakandare, a Wara za a zauna, amma mahaifinta ya ce ba za ta je ba. Ta roƙe ni in yi masa magana, wai zai ji nauyin baƙo.

Mun same shi a inuwar rumfa yana ɗinkin taru. Malam Garba sunansa, dattijo ne mara yawan magana. Bayan gaisuwa na kawo duk abin da na iya: ilimin 'ya mace, ƙoƙarin Saratu, damar da in ta wuce ba lallai ta dawo ba. Ya bar ni na gama, hannunsa bai tsaya ba.

“Malam, kana da ɗiya mata?” ya tambaye ni.

Na ce ina da biyu.

“Ina suka kwana?”

“A gida, Baba.”

“To, ni ma abin da nika so ke nan. Ranar da niɗ ɗauko ta na yi alkawari ba ta ƙara kwana inda ba ni.”

Na ce ai ba sai ta kwana ba, tana iya zuwa da safe ta dawo da yamma. Ya ajiye tarun ya nuna min tafkin da haɓa.

“Jarrabawar ga farkon damina ta. Ka san ruwan ga in iska ya taso? Hanyar tudu da miyagun mutane, ruwa da iska. Wace kaka zaɓa min?”

Ban zaɓa masa ba. Na ce masa kawai abin da na gani da idona a kan yashi, cewa in Saratu ta zauna jarrabawar nan ina kyautata zaton za ta ci. Ya ce ya ji. Ya sa aka ƙunso mana banda, muka yi sallama. Saratu na tsaye a bakin zana lokacin da muka fito, ta dube ni, na wuce.

A hanyar komawa Wara na ga abin da dattijon yake faɗa. Muna tsakiyar ruwa sama ta yi duhu ta gabas, iska ta taso ba ko ɗigon ruwan sama. Jirgin ya riƙa hawa yana faɗowa, ruwa na watsowa ciki, wasu maza biyu suna kwarfewa da robobi. Wata mata kusa da ni tana salati, ta kusa da ita tana kiran Yesu, sun riƙe hannun juna gam. Abokina ya rungume jakar kayan aikinsa. Da muka taka ƙasa sai da na zauna a kan wani jirgi da aka kife. Wannan iskar share fage ce kawai, in ji matuƙin, ta gaske tana tafe.

Dawowa gida ba ta da labari, ramukan da muka bari muka tarar, da shingayen, da zafin. Na iso Birnin Kebbi da ciwon baya, da ƙunshin banda, da yashi a aljihun wando. Maiɗakina ta tambaye ni ko na ajiye aikin. Na ce ta bari in yi barci tukuna.

Abin da na koyo ba mai yawa ba ne. Na'ura tana kai karatu ne iyakar inda wuta da sabis suka tsaya, daga nan sai an sami mutum irin Malama Ladi ya ɗauka a ka ya ƙarasa da shi, da igiya ko da duk abin da hannu ya samu. Kuma wanda zai koyar da yaran da bai taɓa gani ba, ya kamata ya fara zuwa ya ga a ina suke zama da abin da suke saurarensa da shi. Yanzu na juya wa allo baya. Ina sake ɗaukar darussan daga farko, ina faɗar kowane layi da baki: kafa turke a nan, ja igiya zuwa hannun dama, tsaya. Aikin ya ninka, gajiyar ma ba ta tafi ba, sai dai yanzu na san fuskokin da nake yi wa magana.

Shekaranjiya Malama Ladi ta hau tudun da suke samun sabis ta kira ni. Ta ce Malam Garba ya yanke shawara. Zai jingine kamun kifi har a gama jarrabawa, ya haye da Saratu tun kafin iska ta yi ƙarfi, su sauka gidan wani ƙanensa a Wara. Ita ta kwana ɗakin mata, shi ya shimfiɗa tabarma a zaure. Wai ya ce alkawarinsa na nan bai karya ba, inda ta kwana nan zai kwana.

Allah Ya haye da su lafiya, Ya dawo da su lafiya.