Jadawalin da Ya Koyi Tafiya Babu Ita

Shekara tara ke nan babu mai kiranta da sunan yanka a asibitin. Anti Jadawali kawai. Ita ce sakatariyar sashen jinya, teburinta a bayan ƙofa, kusa da fankar da sai an bugi ƙeyarta take juyawa. Kafin zuwanta, raba aikin wata ga nas arba'in da biyu yakan ci kwana uku da faɗa biyu. Ita kuwa a lokacin hutun rana ta koya wa kanta rubuta wa kwamfuta umarni, layi bayan layi, har ta haɗa wani ɗan shiri da ke fitar da masu safe, masu yamma da masu dare kafin shayi ya huce.

Aibinsa ɗaya: ba ya tashi sai a laftof ɗinta mai tambarin tuffa. Kwamfutocin ofis masu tambarin taga ne, tsarinsu daban, kuma ba su san yaren da ta rubuta shirin da shi ba. Saboda haka duk ƙarshen wata sai an nemo ta, ko tana hutu, ko tana kwance da zazzaɓi.

"Ai ana iya ɗaure shi ya zama fayil guda, a danna ya buɗe," ta ce wa mijinta. "Lokaci ne babu."

Mijin tela ne. Bai san kan kwamfuta ba, amma ya san matarsa. Ya zare allura daga bakinsa.

"Shekara tara babu lokaci? Maman yara, faɗi gaskiya. Daɗin wayar nan kike ji: 'Anti don Allah, Anti ki rufa mana asiri.'"

Ta harare shi, don ya taɓa wurin.

Sai ga takardar canjin wurin aiki: an mayar da ita wani reshe mai nisa, nan da mako biyu. Babbar Nas ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu.

"To, idan kin tafi da laftof ɗin naki, mu koma dambe ke nan?"

Tana iya tafiya haka nan, su yi ta roƙonta a waya har ta yi ritaya. Yini guda cur ta yi tana juya wannan tunanin, kuma ya yi mata zaƙi. Washegari ta ji kunyar kanta, ta ja kujera.

Ɗaurin farko a laftof ɗinta ta yi. Ta kawo shi a filashi, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, kwamfutar ofis ta ƙi ko kallonsa. Nan ta gane cewa abin da aka ɗaure a mai tuffa, mai tuffa kaɗai ke buɗe shi. Ta ari kwamfutar Babbar Nas, ta sake ɗaurin a can, shirin da yarensa da duk tarkacensa a ƙunshi ɗaya. Ta danna. Jadawali ya fito, nas-nas suka ɗau tafi.

Tafin bai gama sauka ba wata mai shayarwa ta ɗago takardar.

"Anti, dare huɗu a jere? Jaririn fa, in ba wa maigadi?"

Anti ta karɓi takardar ta duba. Akwai wani ƙaramin fayil da shirin ke leƙawa a cikin laftof ɗinta, bai shiga ƙunshin ba. Ba mantawa ta yi ba, ita ma ta sani. Dole ta buɗe shi a gaban Babbar Nas.

Babbar Nas ta gyara tabarau tana bi. Mai shayarwa, ban da dare. Mai ciwon suga, ban da dare biyu a jere. Wadda ke kai mahaifinta wankin ƙoda, a bar mata Talata. Layi goma sha tara na alherin da babu wanda ya san daga ina yake zuwa.

"Ashe ke ce," ta ce a hankali. Sai yatsanta ya tsaya. "Wannan na ƙarshen fa? 'Doguwa, aiki kowace Asabar.'"

Doguwa nas ce da ta taɓa kiranta "'yar buga takarda" a gaban likitoci, shekara bakwai da suka wuce.

"Wannan nawa ne, ranki ya daɗe," in ji Anti. "Ba na asibiti ba ne."

Ta goge shi da hannunta. Sannan ta gyara shirin ya riƙa neman fayil ɗin a gefensa, a fili, inda Babbar Nas za ta iya karantawa ta canza. Ta sake ɗaurewa, ta kai kwamfutar ɗakin magani, wadda ba ta taɓa taɓawa ba. Ya buɗe. Mai shayarwa ta sami darenta a gida, Doguwa ta sami hutun Asabar uku, tana ta mamakin sa'arta.

Ƙarshen wata ya same ta a sabon gida, wayarta a kan keken ɗinki, shiru tun safe.

"Ba su kira ba?" mijin ya tambaya, yana ɓoye dariya.

"Ba za su kira ba." Ta kife wayar, ta miƙe ƙafa. "Wa kake tsammani ya ɗaure shi?"