Usur a Aji Biyar

Tun da aka kafa jihar Nasarawa ba a yi mutumin da ya yi wa ilimin lissafi hidima kamar Malam Babandi ba. Shi ne ya fara lura da haka, kuma shi ne ya fara faɗa, wata Asabar a gidan kallon ƙwallo na Bukan Sidi. Babu wanda ya musa masa, domin a daidai lokacin ana shirin buga fenariti.

An haife shi a Arikya, a gidan manoman doya da gyaɗa. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a gona, shi kuwa ya so ya zama ɗan ƙwallo, sai Allah ya raba gardama ya mai da shi malamin firamare. Waɗanda suka yi ƙuruciya tare da shi sun shaida bai taɓa fashin zuwa fili ba. Sun kuma shaida cewa idan aka tsaya zaɓen 'yan wasa, sai an kwashe kowa, har da mai ciwon ƙafa, sannan a waiwayo a ce, "Babandi, kai ka yi mana alƙalanci." Ta haka ya san dokokin wasa fiye da masu buga shi. Abu na farko da ya saya da guminsa usur ne.

Da ya gama kwalejin horar da malamai, aka turo shi wata firamaren gwamnati a Bukan Sidi, aka ba shi aji biyar. Ajin cike yake da 'ya'yan Gwandara da Tibi da Eggon da Alago da Fulani, kowa da harshen gidansu. Abu biyu ne ya haɗa su: Hausa da ƙin lissafi. Shekaru da dama ya koyar yadda aka koya masa. Yara su rera "biyu sau ɗaya biyu" kamar waƙar gaɗa, murya ta tashi har bakin titi. Amma in ka tsayar da yaro ka ce bakwai sau takwas, sai ya koma farkon waƙar ya biyo ta a hankali, leɓe na motsi, kamar mai neman gidan da ya manta lambarsa.

Wata rana a gidan kallo ya tarar da ɗalibinsa Luqman, wanda ko jadawalin sau uku ke ba shi wahala a aji, yana yi wa wani direban keke napep bayanin makin da kulob ɗinsa zai tara in ya ci wasannin da suka rage, da wanda zai tara in ya yi canjaras a biyu. Bai taɓa yatsa ko ɗaya ba. Malam Babandi ya bi shi da kallo. Ranar Litinin ya shigo aji da usur a wuya.

Ga yadda wasan yake. Ya zana fili a allo, da raga biyu da layin tsakiya. Ya raba aji biyu, 'Yan Taga da 'Yan Ƙofa, gwargwadon inda kowa ke zama. Ƙwallon ɗan zagaye ne na alli. Zai jefa tambaya, wanda aka nuna ya amsa da ka, ba takarda ba fensir. In ya dace, Malam ya goge ƙwallon da babban yatsa ya sake zana ta gaba kaɗan. In ya kuskure, ta koma hannun abokan hamayya. Idan ta kai bakin raga, sai a yi wa ɗan gaba da gola tambaya ɗaya, wanda ya riga amsawa shi ya yi nasara. Amsa kafin a gama tambaya satar gida ce. Raɗa wa wani amsa kati ne. Ƙirga da yatsu kuwa taɓa ƙwallo da hannu ne, hukuncinsa fenariti.

Cikin mako guda wasu suka koma ƙirga da yatsun ƙafa a ƙarƙashin benci. Aka kawo ƙara. Malam ya yi nazari kwana biyu, ya yanke cewa ba zai iya hukunta ɗan ƙwallo don ya yi amfani da ƙafa ba. Daga baya masu yin hakan suka daina da kansu, saboda kafin su cire takalmi an ci su.

Gaskiyar magana, yaran sun iya lissafi. Waɗanda a da suke fakewa da ciwon ciki in lokacin darasin ya zo, yanzu su ne ke share allo tun kafin Malam ya iso. Sun daina ce masa Malam, suka koma Koci, bai kuwa hana su ba.

Wasan ba shi da adadin tambayoyi. Yana ƙarewa ne lokacin da maigadi, Baba Iorhemba, ya buga tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a bishiyar mangwaro. Duk wanda ke gaba a lokacin shi ya ci. Kyaftin ɗin 'Yan Taga, Seember, 'yar wata mai sayar da doya, ita ta fara gano amfanin wannan. Da zarar sun shiga gaba sai ta fara: "Koci, ban ji ba, a maimaita." Ko biro ya faɗi, ko tari ya sarƙe ta, ido ɗaya na kan bishiyar mangwaro ta taga. 'Yan Ƙofa suka yi kuka, sannan suka koya. Malam Babandi bai ga laifin haka ba. Ya ce ita ma dabara ce, manyan 'yan wasa na Turai suna yi, kuma yaron da ya san lokacin da zai ɓata lokaci ya san lissafi.

Wadda ba ta gamsu ba ita ce shugabar makaranta, Madam Ursula Tyav. Bangon da ya raba aji biyar da aji shida bai kai rufi ba, don haka duk ƙwallon da aka ci a nan sai an yi murnarta a can. Malamin aji shida, Mista Oliver, ya kai ƙara cewa yana tsakiyar koyar da tarihi ɗalibansa suka miƙe suna ihun "satar gida".

Madam ta kira Malam ofis.

"Malam Babandi, nan makaranta ne ko filin ƙwallo?"

"Madam, makaranta ce. Filin a allo yake."

"Usur ɗin ma a allo yake? Ni ina ji har cikin haƙori na."

"Madam, ki shigo ki gwada su. Ki tambaye su duk abin da kike so."

"Ba ni zan gwada ba." Ta turo masa wata takardar gayyata. Za a yi gasar lissafi da ka tsakanin firamarorin yankin a zangon karatu na uku, kowace makaranta ɗalibi uku. "Ka kawo mini kofi, ka ci gaba da busa abin ka har ka yi ritaya. Ba kofi, ba wasa, kuma zan ba wani lissafin aji biyar. Mun gama?"

"Mun gama, Madam."

Ya zaɓi Seember da Luqman da wata shiru-shiru mai suna Rahmat, wadda ita ce golar 'Yan Ƙofa, kuma ba a cika cin ta ba.

Ranar gasar suka tafi a keke napep, zauren wata sakandare a cikin gari. Alƙaliyar gasar, Hajiya Sailuba daga ofishin ilimi, ta tashi ta karanta dokoki. Akwai zagaye biyu da hutu a tsakani. Kowace makaranta tambayoyinta ƙidayayyu ne. Kowace tambaya tana da ɗan taƙaitaccen lokaci, in ya wuce ba a amsa ba, a miƙa wa ta gaba ta ci makin. Malamai ba sa magana. Duk zauren ya ji wannan bayani, ban da mutum huɗu. Malam Babandi ya fita da 'yan wasansa bayan zaure suna tsalle-tsalle da miƙe ƙafa, domin a saninsa ba a shiga wasa da sanyin jiki.

Zagayen farko ba a yi gasa ba, kallo aka yi. Kafin Hajiya ta rufe baki amsa ta fito. Goma sha uku sau shida, Luqman ya ce saba'in da takwas yana kallon silin. Ɗari da arba'in da huɗu a raba gida tara, Rahmat ta ce sha shida kamar mai ba da haƙuri. Wata makarantar kuɗi, masu ɗamarar wuya da safa fara, ita kaɗai ke biye da su, ita ma daga nesa. Madam Ursula, wadda ta zo a makare ta zauna a baya, aka gan ta tana gyara zaman gilashinta tana gaya wa na kusa da ita cewa ɗalibanta ne.

Aka tafi hutu, aka raba biskit da lemo. Seember ta matso kusa da Malam.

"Koci, mun yi nisa fa."

"Na gani."

"To a riƙe?"

"A riƙe mana," in ji Malam, yana karɓar gaisuwar wani malami da ya zo tambayarsa sirrin abin. "Kun san aikinku."

Sun kuwa sani. Da aka dawo, Hajiya ta ce, "Goma sha biyu sau tara." Luqman ya sunkuya ɗaure igiyar takalmi. Takalminsa na roba ne, ba shi da igiya, amma ya ɗaure ta da natsuwa. Wayar Hajiya ta yi ƙara, ta miƙa tambayar ga masu safa fara, suka ƙirga da yatsu a fili, suka ci.

Tambaya ta biyu ta zo kan Rahmat. "Hajiya, don Allah a maimaita." Aka maimaita. "Sau ne ko a tara?" Wayar ta yi ƙara.

Malam Babandi ya miƙe. Hajiya ta dube shi ta saman gilashi, ya tuna malamai ba sa magana, ko da yake a lokacin ne ya fara jin dokar, daga bakin na kusa da shi. Sai ya shiga juya hannuwansa biyu da sauri, yana nufin su hanzarta. A ƙwallo wannan alamar canjin ɗan wasa ce. Luqman da Rahmat suka tashi cikin ladabi suka yi musayar kujera, har da tafawa.

Seember ta ajiye nata sai ƙarshe. Da aka zo kanta ta riƙe sha-raɓa, ta zame daga kujera a hankali, ta kwanta a siminti tana cije leɓe. An yi shekaru ana gasar nan ba a taɓa samun wanda ya ji rauni ba. Wata malama ta kawo man zafi. Duk wannan lokacin Seember na leƙen ƙofa, tana jiran a buga ƙarfe. Ba a buga ba. Tambayoyi ne suka ƙare, masu safa fara suka ɗauki kofi da tazarar da ba ta taka kara ta karya ba.

A hanyar komawa, da keken ya wuce kasuwa, Seember ta juyo.

"Koci," in ji Seember, "matar nan sayen ta aka yi. Ko ƙarin lokacin rauni ba ta ba mu ba."

"Ɗari da takwas ne," in ji Luqman. "Tun kafin in sunkuya na sani."

Rahmat ta jero sauran amsoshin ɗaya bayan ɗaya, har da na sauran makarantu, babu kuskure ko ɗaya. Direban keken ya ce ma sha Allah, ya tambaya ko kofin na zuwa a wata motar ne. Malam Babandi ya ce ya kula da hanya.

Madam Ursula mace ce mai cika alkawari, amma ba ta son wulaƙanta mutum. Ranar Litinin ta kira shi ofis, ta ba shi kujera, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, na gani da ido na. Yaran sun iya. Kuma abin da ka koya musu, duka sun ɗauka, ba su bar komai ba."

"Madam, gyara kaɗan ne. Zan sa kati ga mai ɓata lokaci."

"Mun yi magana, ko ba mu yi ba?"

"Mun yi."

"To. Mista Oliver zai haɗa lissafin aji biyar da na shida. Kai kuwa, Allah ya ba ka baiwa, ba zan bari ta lalace ba."

Washegari a taron safe ta sanar cewa daga yau Malam Babandi ne malamin wasanni na makaranta gaba ɗaya, daga aji ɗaya har aji shida. Yara suka yi tafi har Baba Iorhemba ya leƙo daga bakin ƙofa. Malam ya fito gaba da sabuwar rigar wasanni, ya yi gajeren jawabi a kan horo da juriya da darajar kiyaye lokaci, ya yi alkawarin cewa cikin 'yan shekaru za a ji sunan makarantar a faɗin jiha.

Makarantar ba ta da ƙwallo.