Lalle a Ƙafar Goɗiyata

Na sha yin abin kunya a rayuwata na kuma manta, amma abin da na yi wa wani tsoho a kan goɗiyata ya ƙi barina, kuma na san har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shi ba.

A Makka aka haife ni. Kakana ne ya zo hajji daga ƙasar Kano ya zauna. Gidana yana unguwar Shisha, aikina kuma a unguwar Kudai, ni ke kula da direbobin wani kamfanin bas mai jigilar alhazai. Aiki ne mai lalata zuciya. Direba zai rantse maka bai ko tada mota ba, ka duba ka tarar ya je ya ɗebi fasinjan gefe ya dawo. Da na daɗe a ciki sai na zama mutumin da ko gaisuwa aka tsawaita masa sai ya fara tunanin me ake nema. Matata takan ce ko shayi ta miƙo mini sai na leƙa cikin kofin.

Abu ɗaya da ke sanyaya mini rai shi ne doki. Ina da wata goɗiya ja da na ajiye a wata barga a bayan gari. Hawan da nake yi ba tsere ba ne, ba tsallake shinge ba ne. Larabawa suna ce masa tarwid: fili ne mai kusurwa huɗu, ka sa doki ya yi tafiya, ya yi sassarfa, ya yi sukuwa a natse, ya zana da'ira, mai kallo bai ga hannunka ya motsa ba. 'Yan'uwana dariya suke mini, wai na sayi doki ina koya masa yanga.

Al'adata ce duk ranar ɗaya ga Muharram in rubuta burina na shekara in manna a ƙofar ɗakin goɗiyar. A shekarar da nake ba ku labari abu biyu na rubuta. Na farko, da'irarmu ta fita zagaye sosai, ta daina kama da ƙwai. Na biyu, mu shiga wata ƙaramar gasa ta masu koyo a Jidda cikin watan Rajab. Aikin hajji ya riga ya cinye mini wata biyu ban ko taka likkafa ba, saboda haka na ƙudurta kwana biyar a mako zan riƙa hawa bayan La'asar.

Mai kula da goɗiyar, wato sayis yadda muke faɗa a nan, wani tsoho ne mutumin Adar ta ƙasar Nijar. Ya zo hajji tun ina ƙarami bai koma ba. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Kowa a bargar ya san haka, kowa kuma yana yi kamar bai sani ba. Ina manna takardar ya matso ya ce in karanta masa. Na karanta da alfahari. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla, Alhaji. Ita hwa, an tambaye ta?" Na yi dariya, amma a raina na ce wannan tsoho ya fara raina ni.

Wata biyu da farawa sai goɗiyar ta canza. Ina ɗora sirdi ta kwantar da kunne, in na nemi sukuwa ta yi ta noƙewa. Maimakon in tambayi kaina, sai na fara waige-waigen wanda zan kama. Ran nan na zo na ga ƙafarta ta gaba ta hagu ta yi jawur da lalle. Na tambaye shi, ya ce, "Sanyi shika sa ma ƙahwa." Nan take zuciyata ta tafi wani wuri. Na san samari suna ɗaukar dawakin mutane a ɓoye, a yi musu ado, su hau su ɗauki hoto. Na ce a raina, ashe fasinjan gefe har barga ya biyo ni.

Sai na ɗana masa tarko irin wanda nake ɗana wa direbobi. Na ɗaura siririn zare a sakatar ƙofarta, na ɗaura wani a majayin sirdina. Kashegari na zo da wuri. Zaren ƙofa ya tsinke, na sirdi yana nan lafiya. Na shiga fili na ga sabon sawunta a kan yashi, ya zagaye ta hannun dama. Mai hankali zai ce tunda ba a taɓa sirdi ba, ba a hau ba. Ni kuwa cewa na yi tsohon ya fi ni wayo, sirdin wani yake ɗora mata.

Na kai wa matata labari ina huci. Ta ce, "Ya shekh, ka tambaye shi mana. Bakinka ciwo yake?" Na ce direba nawa na tambaya suka gaya mini gaskiya? Ta ce, "Shi direba ne?" Amma ni na riga na yanke hukunci.

Na sami mai bargar, wani Balarabe mai sanyin hali, na ce masa ina zargin sayis yana fitar da goɗiyata yana ba wasu. Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma don maganata ta yi nauyi sai na ƙara da cewa, "Mutum ba shi da takarda, in wani ya faɗo ya karye, wa za a kama?" Ya dube ni ya ce, "Ɗayyib. Zan duba." Na fito ina jin na iya magana.

Washegari ina idar da sallar Asuba na kama hanya, waya a hannu, don in ɗauke shi hoto ya rasa bakin musu. Gari ya fara haske lokacin da na laɓe bayan tarin ciyawa. Can sai ga shi ya fito da ita, ba sirdi, ba linzami, ragama kawai. Ba kowa tare da shi. Ya shiga fili yana janta a hankali ta hannun dama, yana mata magana ƙasa-ƙasa, shi kansa yana ɗingisa ƙafa ɗaya. Na jira mahayin ya fito. Na jira har rana ta ɓullo, ba wanda ya zo.

Na fito ina borin kunya, na ce wa ya ba shi izini. Bai ko razana ba. Ya ce, "Kawo hannunka, Alhaji." Ya kama hannuna ya ɗora a bayan ƙafarta ta hagu, ƙasa da gwiwa. Zafi rau, ga ɗan kumburi. Ya mai da shi ta dama, sanyi ƙalau.

Ya ce, "Wata biyu ina kallonka. Kullum hagu, kullum hagu. Kai ɗan Makka na, jikinka ya saba da ɗawahi, ko hili ka shiga sai ka bi hannun ɗawahi. Amma kai bakwai kaka yi ka tsaya. Ita sai ta yi talatin da kai bisa."

Na janye hannuna. Na ce, "Baba, me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Sau biyu ina hwaɗa maka a juya ta dama. Ka nuna min takarda."

Wallahi gaskiya ya faɗa. Na tuna sarai. Takardar burina na nuna masa a lokacin, na ce lokaci ya ƙure, sai da'irar hagu ta gyaru tukuna. Tun daga ranar shi ke tashi da sassafe yana zagayawa da ita ta ɗaya hannun, yana ɗaura mata lalle, don ƙafar ta samu sauƙi kafin in zo da La'asar in sake ƙona ta.

Ban tsaya ba, na ruga wajen mai bargar na ce na janye maganata, kuskure na yi. Ya ce, "Maganar goɗiya na yarda ka janye. Ɗaya maganar fa? Shekara nawa muna rufe ido. Yau kai ka faɗa a ofishina, gobe wani ya faɗa a inda ba zan iya rufewa ba. Halas, magana ta ƙare." Na roƙe shi har na gaji da roƙo. Kwana uku bayan nan tsohon ya tattara 'yan kayansa ya tafi, ina wurin aiki. Ya bar mini gwangwanin lalle a bakin ƙofarta, daidai ƙarƙashin takardar.

Likitan dabbobi ya ce jijiya ce ta kumbura, sai ta huta wata biyar, kuma da an ci gaba yadda nake yi da ta gurgunce. Rajab ya zo ya wuce muna tafiyar ƙasa ni da ita, ragama a hannu. Na yi ta cigiyar tsohon. Sai dab da azumi na gan shi a wani lungu a unguwar Hindawiyya, yana tura wa wani mai shago baro cike da buhunan gari, ya rame. Na tare shi na fara kame-kame, ina so in gaya masa ni ne sanadi. Ya ɗaga hannu ya ce, "An gaya min, Alhaji. Ƙahwatta hwa?"

Na ce ta warke.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. A riƙa juya ta dama." Ya ɗaga baronsa ya wuce. Na tsaya a lungun nan hawaye na zubo mini, wani mai tasi yana ta danna mini oda. Daga baya na zaga barga huɗu ina nema masa aiki, kowa ya tambayi takarda.

Har yau ina rubuta burina duk Muharram, amma kafin in manna sai na shafa ƙafafunta huɗu, in kuma karanta wa mai kula da ita in ji ta bakinsa. Abin da na koya shi ne buri yana iya toshe wa mutum kunne, zargi kuma ya buɗe masa baki a inda bai kamata ba. Ƙafar goɗiya wata biyar ta yi ta warke. Maganar da na faɗa a ofishin nan kuwa ban samu hanyar mai da ita ba, kuma tambaya ɗaya tak da na yi wa tsohon da ta ishe mu duka.