Tabarmar lefen Kaka

Na shimfiɗa wa Kaka sabon faifan sola mai naɗuwa kamar tabarma a tsakar gidanmu na Galtimari, na ce, "Amarya, ga tabarmar lefenki."

Har ta tuɓe takalmi za ta zauna, na fashe da dariya. Na ce solar abokina ce, wutar lantarki take kawowa.

Maimakon ta kai mini duka yadda ta saba, sai ta naɗe ta, ta ɗora a ka.

"Maigida marar kunya, ai ba nauyi. Ranar komawa Baga ka saya mini, da kaina zan ɗauka."

Tun da muka gudo daga Baga, ƙullin kayanta a ɗaure yake.

Dariyar ta maƙale mini. Ku ma akwai mai jiran ranar komawa a gidanku?