Iskar da Kawu Ya Tare Mini

A unguwar Gorton ta Manchester na koyi hawan keke karo na biyu. Na farko a gida ne, ina yaro, a kan baƙin keken mahaifina wanda ƙafata ba ta kai fedarsa. Na biyun kuwa tsadar bas ce ta jawo shi, shekarar da na zo Manchester karatu. Na sayi wani siririn keke na hannu mai lanƙwasasshen ƙaho kamar na rago, ina zuwa makaranta da shi. Kafin in ankara abin ya shiga jinina. Ranar Lahadi sai in bar jajayen gidajen unguwarmu masu manne da juna, in nufi tsaunukan gabas da gari, in yi ta hawa har numfashi ya ƙare, in gangaro. Ni kaɗai nake fita. Ban taɓa hawa da kowa ba, kuma a ganina babu abin da wani zai koya mini. Ina da wannan halin, ba na musu.

Kawuna, wan mahaifiyata, yana zaune a Erdington ta Birmingham tun ina firamare. Ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya. Duk shekara idan zafi ya shigo yakan hau keke daga ƙofar gidansa har bakin teku a Wales, kwana biyu a hanya, ya dawo ta jirgin ƙasa. Da wani abokinsa Bature suke zuwa, har Allah ya yi wa abokin rasuwa. Bayan nan kawu ya yi ciwon ƙirji, aka yi masa aiki. Likita ya ce yana iya hawa idan ba zai matsa wa kansa ba. Matarsa, wadda muke kira Anti, ta fi likitan tsauri. Ita ta kira ni a waya.

"Ka zo ka raka kawunka," in ji ta. "Ya kafe sai ya je tekun nan. Na ce to, tunda GP, likitansa, ya yarda. Amma in ya kasa a hanya har ya hau jirgin ƙasa, shi ke nan, keken ya bar gidan nan. Mun yi alkawari, kuma ya san ni."

Na san ta ni ma. Na kuma san abin da keken yake a wurin kawu. Tun da ya bar aiki, keken ne dalilinsa na fita daga gida.

Da sanyin safiya muka fito ƙofar gida, kowa da hular kwano da gorar ruwa biyu. Kawu ya nuna mini titi da hannu ya ce, "Bismillah, wuce mana."

Na ce, "Haba Kawu, bismillah dai."

A gidanmu ba a shiga gaban babba. Ko masallaci za ku je da mahaifina, taku biyu kake bari tsakaninku, kana baya. Mahaifiyata kan ce bin na gaba bin Allah, kuma idan baki bai isar da saƙon ba, maficinta yana isarwa. Saboda haka na ɗauki tayin kawu irin tayin abinci ne da ake yi wa baƙo, wanda mai hankali kan ce alhamdulillahi. Ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya gyaɗa kai, ya taka feda. Na bi shi, tayata ta gaba kusa da tayarsa ta baya.

Ranar farko ta yi mini daɗi ƙwarai. Mun ɗauki lokaci kafin gari ya sake mu, daga nan hanya ta shiga tsakanin shingayen ganye masu tsawo, gonakin alkama a hagu, shanu a dama. Wajen azahar muka gangara kwarin kogin Severn. Ruwan yana tafiya a hankali, launin shayi da madara, wasu tsofaffi suna zaune a gaɓa da ƙugiyoyinsu, ba mai ce wa wani uffan. Muka shimfiɗa rigunan ruwanmu a kan ciyawa, muka haɗa azahar da la'asar, ƙasaru. Ƙafafuna ko tsami ba su yi ba. A raina na ce ashe tsaunukan Manchester ba su tafi a banza ba. Ina kallon rigar kawu ta jiƙe sharkaf a gadon baya, ina jin tausayinsa, ina kuma yaba wa kaina.

Da yamma muka sauka a wani ɗan masauki kusa da iyakar Wales. Kawu ya kasa cinye abincinsa. Ya ture farantin gefe, ya jawo kofin shayi.

"Iska ce yau," in ji shi. "Tun safe take dukan ƙirjina."

Na ce, "Wace iska, Kawu? Ni fa ban ji komai ba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai ba za ka ji ba, Dakta." Dakta yake ce mini idan zai yi mini tsiya, don har lokacin ban gama karatun ba.

Washegari hanya ta canja hali. Shingayen ganye suka ƙare, sai katangun dutse da tumaki masu fenti a baya, tudu bayan tudu. Kawu ya rage gudu, ya sake ragewa, har sai da na riƙa taɓa birki a kan hawa don kada in buge shi. A wani ƙaramin gari ya tsaya a gaban tashar jirgin ƙasa, ya sauke ƙafa ɗaya. Ita ce tasha ta ƙarshe kafin babban hawan. Ya daɗe yana karanta allon lokutan jirgi. Na tsaya a bayansa, ina tuna maganar Anti.

"Mu ɗan ƙara gaba," in ji shi. "In abin ya ƙi, gangara ce za ta dawo da mu."

Ba mu yi nisa ba na ga kansa ya sunkuya, keken yana tangaɗi. Na ciro dabino daga aljihu, na fito daga bayansa zuwa gefe don in miƙa masa. Fitowata ke da wuya iska ta bugi ƙirjina kamar an rufe mini ƙofa a fuska. Sai da na miƙe tsaye a kan feda. Na koma bayansa, sai na ji shiru, feda ta yi sauƙi. Na sake fitowa, ta sake buguna. Sau uku na yi haka kamar wawa kafin abin ya shiga kaina. Daga yamma iskar take zuwa, mu kuma yamma muka dosa tun jiya. Wanda yake gaba shi yake tsaga ta da ƙirjinsa, na baya yana cikin inuwa. Kwana ɗaya da rabi ina laɓe a bayan tsoho mai ɗinki a ƙirji, ina kiran abin ladabi.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce, "Kawu, don Allah tsaya."

Muka jingina kekunan da wata katanga. Ya zauna a kan dutse yana haki, ya karɓi dabinon.

"Ashe na gaba ne yake shan wahalar," na ce.

"Ka gane ke nan. Tun bakin kogi nake jira."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na faɗa sau ɗaya a ƙofar gida, ka ƙi." Ya tofar da ƙwallon dabinon. "In sake faɗa in ce me? In ce ɗan ƙanwata zo ka tare mini iska, na gaza? Kuma uwarka ta sha wahala ta koya maka tafiya a baya. Na ce ba ni zan warware mata aiki ba."

Rabin maganar wasa ne, rabin kuma ba wasa ba. Ya gwammace ya hau jirgi ya rasa kekensa da ya roƙe ni, ni kuma na kusa barinsa ya yi hakan.

Na ce, "To ka yafe mini, zan ba ka baya."

"Ba ni. Amma kada ka yi gudu irin na Manchester. In ka ji na ce rage, ka rage."

Ban taɓa jin nauyin ƙeyata ba sai ranar. Duk jikina yana ce mini ba daidai nake ba. Iskar kuwa ta gaske ce, kafin rabin awa cinyoyina sun fara wuta, na daina yabon kaina. Daga bayana muryarsa take zuwa: rage, matsa dama, akwai rami, haka nan. Tsakanin kalma da kalma ina jin numfashinsa, mai ɗan kuka a ƙarshe kamar tsohon famfo. Da shi nake auna takuna. In ya yi ƙarfi in sassauta, in ya lafa in ƙara kaɗan. A haka muka kai ƙolin tudun, ba wanda ya sauka ya tura.

Daga nan gangara ce mai tsawo zuwa kwarin wani kogi. Kogin ya yi ta faɗaɗa a hagunmu har ya zama fadama da yashi, warin gishiri ya fara shigowa hanci. La'asar sakaliya muka shiga garin bakin tekun, gidaje masu fenti kala-kala a jere, ƙananan jiragen ruwa kwance a kan taɓo saboda ruwa ya janye.

Kawu ya zauna a kan katangar bakin ruwa ya kira Anti. Ina jin muryarta daga inda nake.

"Da ƙafarka ka isa?"

"Da ƙafata. Tambayi ɗanki."

"Ba sai na tambaya ba. Ka sha maganinka."

Ya mayar da wayar aljihu, ya kwance takalmansa, ya cire safa. Ya daɗe yana kallon ruwan.

"Duk shekarun nan ni nake shiga gaba a hanyar nan," in ji shi. "Abokina bai taɓa tare mini ko sau ɗaya ba, ban bar shi ba. Yau ne farko." Ya murza gwiwarsa. "Na tsufa, ɗana."

Na san amsar da ake bayarwa. Haba Kawu, ai da sauranka. Ta zo har bakina. Amma na yi awa huɗu ina sauraron numfashinsa, kuma ya san na ji. Sai na miƙa hannu na karɓi kekensa na riƙe tare da nawa, shi kuma ya sauka kan yashi a hankali, ya nufi ruwan ba takalmi.